Haliru Kwatano da Maganar Teku

A tashar Lolo, jikin rumfar Ma'azu mai shayi, akwai wani benci da ba a zama a kansa sai da dalili. Bencin Haliru ne, wanda ake wa laƙabi da Haliru Kwatano. Ba shi ya saya ba, ba shi ya ƙera ba, amma tun da ya ajiye tuƙi ya dasa kansa a wurin, kuma duk baƙon da ya yi kuskuren zama bai sani ba yakan tashi kunnuwansa na zafi. Dogo ne busasshe, da gemu tsilli-tsilli da ya ƙi haɗuwa, idanunsa jajaye kullum kamar wanda aka tasa daga barci. Ba ya dariya. In ka gaishe shi ya amsa maka da ƙyar, in ka wuce ba ka gaishe shi ba ka shiga uku.

Ɗan Geza ne. Ubansa manomi, uwarsa Bafulatana mai kunya da tsare gida, shi kuwa tun yana ɗan saurayi ya nuna ba shi ba fartanya. Ya bi motoci yana ɗora kaya, ya koyi tuƙi a hannun wani direba da ya fi shi baƙar zuciya, daga nan ya faɗa harkar da ta ci ƙuruciyarsa: ɗauko motocin tokumbo daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Faraku da Kandi har a shigo gida. Ya fi shekara ashirin a kan wannan hanya. Da aka hana shigo da motoci ta ƙasa, aka zo kuma aka rufe iyaka, bayansa ma ya fara ba shi labari, sai ya dawo ya zauna. Bai tara abin kirki ba. Abin da ya dawo da shi kaɗai shi ne sanin Kwatano, da kuma ƙin ta.

Ƙin nan ba na wasa ba ne. A bakin Haliru babu gari a doron ƙasa da ya kai Kwatano zafi, da tsada, da wari, da rainin wayo. Iskarta gishiri ce, tana cin ƙarfe tana cin mutum. Sauronta ba ya jin magani. Amma abin haushi, duk Bagudo ba wanda ya san garin kamarsa, don haka duk mai shirin zuwa sai an ce masa ya biya ta bencin Haliru. 'Yan kasuwa masu zuwa sarin atamfa suna zuwa, iyayen yara masu zuwa karatu suna zuwa, yana zaginsu daidai gwargwado. Waɗanda ba ya iya haɗiyewa su ne sababbin nan da suka fito 'yan shekarun nan, masu cewa za su yawon buɗe ido. Mutum da lafiyarsa, ba saye ba sayarwa, ya kwashi ƙafa ya ratsa ƙasa guda don ya tsaya gaban mutum-mutumin wata mata mai takobi a ɗauke shi hoto. Haliru yakan ce idon da sai an kai shi Kwatano zai buɗe, gara a bar shi a rufe.

Tsarinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba. Zai dube ka daga hula zuwa takalmi, ya tambaye ka me ka ajiye a can, kuma duk amsar da ka bayar ba daidai ba ce. Sannan ya fara daga iyaka. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, in ba ka da shi ka koma gida ka kwanta, kada ka je ka tsayar da motar mutane a shinge. Nairarka ka canza ta zuwa sefa a Malanbil, wurin masu tebur da kowa ya sani, ba a hannun wanda ya tare ka yana washe baki ba. In ka isa, kada ka tambayi kowa hanya sai ka gaishe shi, ko da “bonju” kaɗai ka iya, don mutanen can ba su yafe wa baƙon da ya faɗo musu da tambaya ba gaisuwa. 'Yan kabu-kabunsu, da suke kira zemijan, ka nemi mai riga ruwan ɗorawa da lamba a baya, ku gama ciniki ƙafarka tana ƙasa, kuma ka sa hular kwano ko da kanka ya fi ƙarfinta. Masauki da abinci ka nufi Zango, inda za ka ji kiran salla ka kuma san wanda ya yanka naman da ke gabanka. Kada ka nuna wa mutum waya ka ɗauke shi hoto ba ka tambaya ba, balle soja, balle wurin tsafinsu. A babbar kasuwa wayarka ta zauna a aljihun gaba. In an rinjaye ka zuwa Gambiye, garin nan da aka gina a kan ruwa, ka yi cinikin kwalekwale na zuwa da dawowa tun a gaɓa, in ba haka ba a tsakiyar ruwa za a sake maka sabon lissafi. Wida kuwa, inda ake rataya wa baƙo maciji a wuya, yakan ce wannan ba shawara ake nema ba, addu'a ake nema.

Duk wannan da tsawa yake yin sa, yana haɗawa da “sakarai” da “baƙauye” kamar gishiri a miya. Masu rauni sukan tashi tun a wajen zemijan. Wanda ya daure har ƙarshe shi ke jin abin da ya fi kome, don a nan muryar Haliru takan sauka, ya daina kallon mutum, ya koma kallon ƙasa.

“Kak ka shiga teku,” yakan ce. “Ko ka iya ruwa. Musamman in ka iya ruwa. Gulbi gaba guda shika tahiya, ka san inda ya nuhwa. Teku sama shina turo ka, ƙasa shina jan ƙahwahunka. Ka tsaya inda rairayi ya bushe.”

Ba kowa yake ba dalili ba, amma tsofaffin tasha sun sani. Yana da aboki, Ango, Basarke, wato jinin masunta, ɗan bakin kogin Kwara, wanda suke ɗauko motoci tare. Wata Lahadi suna jiran takardu, ba abin yi, suka taka zuwa bakin teku. Ango, wanda aka haifa kusan a cikin kwalekwale, ya dubi ruwan ya yi dariya ya ce ruwa ai ruwa ne. Ya tuɓe riga ya shiga iya ƙugu. Igiyar ruwa ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, a ta ukun babu Ango. Sai bayan kwanaki aka tsince shi can nesa, mutanen Zango suka yi masa sutura. Haliru shi ya dawo ya tsaya gaban uwar Ango ya faɗa mata. Tun ranar bai sake taka bakin teku ba, kuma masu cewa da can yana da fara'a sun ce daga nan ta ƙare.

To, mutumin nan da ke da baki ga duk duniya, akwai mutum ɗaya da bai taɓa yi wa magana ta minti guda ba, ita ce 'yarsa ta fari, Mashkura. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma Haliru ya sha ta a nono wurin uwarsa, ya kuma ƙara mata nasa taurin kai. Bai taɓa kiran sunan yarinyar ba. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Da aka yaye ta, yayarsa Mairama ta tafi da ita Kaoje ta riƙe, daga nan sunanta a bakinsa ya zama “ta Kaoje”. In ta zo gida ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Zamani ya sassauta, ana ganin samari suna saɓa 'ya'yansu na fari a kafaɗa suna yawo da su kasuwa, shi ko gezau. Gaskiyar magana al'adar ta yi masa daidai, don ta ba shi inda zai ɓoye. Yana son yarinyar nan fiye da duk abin da ya mallaka. Ba tafiyar da ya dawo bai aika wa Mairama tsaraba ba, takalmi ko ɗan kunne ko yadi, kuma duk girman ƙafar mutum ɗaya ne, amma bai taɓa cewa na wance ne ba. Mairama kuwa, da nata halin, ba ta taɓa cewa daga wane ne ba.

Yarinya ta tashi da abin da idonta ya gani: uba mai surutu da kowa, ita kaɗai yake wa shiru. Ba ta ɗauke shi kunya ba, ta ɗauke shi ƙi. Kuma ta gado shi kaf. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, in ta yanka maka magana sai ka kwana kana juyi.

Sai ga Muhsin. Kafin ya zama kowa a gidan, wani saurayi ne mai shagon waya a Kaoje, ɗan masunta, mai faɗin kafaɗa da saurin dariya. Wata rana yana shan shayi wurin Ma'azu ya tarar Haliru na wanke wani ɗalibi, sai ya zaro waya a ɓoye ya ɗauka. Ya yanko wuraren da suka fi zafi, wajen hular kwano da wajen maciji, ya watsa. Kafin mako ya zagayo har a Birnin Kebbi ana kwaikwayon muryar Haliru. Yara a Lolo suka riƙa bin sa suna cewa “baƙauye, sa hular kwano”. Maganar teku ba ta shiga bidiyon ba, don ba abin dariya a cikinta, kuma a lokacin shayin Muhsin ya ƙare ya tashi.

Haliru ya yi rantsuwa a gaban tasha cewa shi da yaron nan har abada. Ba a yi shekara ba Mairama ta aiko cewa ta Kaoje ta sami miji, kuma ko da aka faɗi sunan Muhsin, Ma'azu ya ce saura kaɗan kofi ya faɗi daga hannun Haliru. Mijin Mairama, wanda ya riƙe ta, shi ya ba da auren. Haliru ya ce ba ruwansa, ranar ɗaurin aure ya zauna a sahun baya, ana shafa fatiha ya sa takalmi. Muhsin ya aiko manya su ba da haƙuri har sau biyu. Haliru ya ce ya ji. Bai ce ya haƙura ba.

Bayan babbar salla ta bana Mairama ta kira shi a waya, suka gama gaisuwa da cigiyar 'yan uwa, sannan ta sako maganar kamar ba kome: Muhsin zai kai matarsa Kwatano hutu, su ga gari, su ga teku. Ta ce har ya sayi gajeren wando na wanka, yana ta cika baki cewa wanda ya ratsa Kwara da damina ba ruwan da zai ba shi tsoro. Haliru ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kashe waya. Ranar tuwon da aka kai masa ya koma yadda ya zo.

Abin da ke cin sa a fili yake. Ya san irin Muhsin, ya taɓa tsayawa a bakin teku da irinsa. Ya kuma san ba wanda zai iya riƙe yaron nan sai matarsa, don duk Kaoje an san in Mashkura ta ce a'a, a'a ce. Amma ita abin da ta sani game da shawarar ubanta shi ne abin da kowa ya gani a waya: tsoho yana kumfar baki a kan hula da maciji. Ga rantsuwa tsakaninsa da mijin, ga kunya tsakaninsa da matar, ga kuma girman kai da ya fi su duka biyun nauyi, don a ƙa'idarsa mai son shawara shi ke zuwa benci, benci ba ya zuwa wurin kowa.

Ya gwada Mairama, ta ce ita ba 'yar aikensa ba ce, yana da baki. Ya gwada Ma'azu, wanda ke zuwa Kaoje sayen madara da sukari wurin wani ɗan uwansa. Bai ce masa ga saƙo ba, sai dai ya yi ta maimaita maganar teku a gabansa har Ma'azu ya gane. Ma'azu ya je ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce Muhsin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a gaida Baba, a ce masa Basarke ba ya nitsewa. Mashkura kuwa ta ce duk mai magana da ita ya san inda take. Haliru ya zagi Ma'azu tas a kan bai iya kai saƙo ba, saƙon da bai aike shi ba.

Muhsin da Mashkura suka zo ranar kasuwar Lolo, da hantsi, tasha cike da buhunan shinkafa da albasa da masu tura baro. Dole ta nan za su bi, su shiga ƙaramar mota zuwa Malanbil, daga can su hau babbar bas. Haliru ya hango su tun daga nesa, ya juya ya ba hanya baya yana gyara hula. Muhsin ya cire takalmi tun bai iso ba, ya tsuguna can gefe ya yi gaisuwa irin ta suruki. Haliru ya tambayi Ma'azu ko ruwan shayin ya tafasa. Mashkura ta durƙusa ta ce, “Ina kwana, Baba.” Ya ce wa ƙafar benci lafiya lau. Ta ɗan jira. Shi ma jira yake, yana roƙon Allah a ransa ta ce ko da kalma ɗaya ce, ta ce Baba za mu Kwatano, me ka gani. Ba ta ce ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, suka nufi mota suka shiga kujerar baya, ita a tsakiya, mijin a wancan gefen.

A gefen taga na wannan ɓangaren akwai wani bawan Allah mai suna Bunyaminu, mutumin Jega, mai sayar da kayan keken ɗinki, wanda bai san Haliru ba, bai kuma tambayi kowa kome ba. Yana zaune yana ɓare gyaɗa. Sai ya ga wani dogon tsoho ya taso daga benci yana dafe da baya, ya ratso tasha ya tsaya a kansa. Masu shayi suka ajiye kofuna, don ba wanda ya taɓa ganin Haliru ya taso wa matafiyi.

“Kai, ina zuwa?”

Bunyaminu ya ce Kwatano.

“Mi ka aje can?”

Kafin ya haɗiye gyaɗar bakinsa an rufe shi. Ina katinsa na rigakafi, ya fito da shi a gani. A ina zai yi canji. Ya iya gaisuwarsu ko haka zai je yana zare ido kamar akuya a kasuwa. Bunyaminu ya ce ai wannan zuwansa na huɗu ne, Haliru ya ce to sau huɗu ke nan yana zuwa a baƙauye. Muryarsa ta cika motar ta fita ta ɗaya tagar. Ko sau ɗaya bai dubi tsakiyar kujera ba, amma duk wanda ke tashar ya san da wa ake. Mata masu tallar fura suka matso. Muhsin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, hannunsa na kai wa aljihu yana dawowa. Mashkura ta kafe idonta a kan ƙeyar direba, fuskarta kamar an ɗaure da igiya.

Mai hankali zai ce ya fara da abin da ya taso shi. Haliru ba ya iyawa. Shekara da shekaru maganar teku a ƙarshe take zuwa, bayan ya gaji da faɗa, bayan zagi ya share masa hanya, kuma bai san wata ƙofar da ake shiga maganar ba sai wannan. Ya bi ta kan zemijan, ya bi ta Zango, ya tsaya ya yi wa masu ɗaukar hoto wankin babban bargo, a nan kam har ya ɗan karkata baki wajen wancan gefen. Yana cikin haka wata mata mai kaji ta cike gurbin da ya rage a gaba. Yaran tasha suka ɗaure but ɗin motar da igiya. Direba ya shiga ya tayar da mota, Haliru kuwa yana Gambiye, wajen cinikin kwalekwale.

A nan Mashkura ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, amma har masu fura sun ji.

“Baba, bawan Allah wanga bai tambaye ka komi ba. In da ni kaka yi, ga ni. Ka dube ni ka hwaɗi. In ba ka iyawa, ka bar mu mu tahi.”

Ba a taɓa jin 'ya ta yi wa uba haka a bainar jama'a ba, balle 'yar fari, kuma wata tsohuwa har ta kama baki. Haliru ya tsaya da hannu a sama. Fushi ya taso masa har wuya, irin fushin da yakan sa ya kwana uku bai yi wa kowa magana ba, kuma da ransa ya bi da ya juya ya koma bencinsa ya bar su da halinsu. Ta jira shi daidai gwargwado. Da ta ga idonsa na kan tayar mota, sai ta ce wa direba su tafi.

Mota ta ja a hankali, tana kauce wa baro da buhuna, ta nufi bakin tasha. Haliru yana tsaye inda aka bar shi. Bai faɗa ba. Duk abin da ya zuba, na hula ne da kwalekwale, abin da in an yi kuskurensa a dawo gida a ba da labari ana dariya. Ya dubi bayan motar, ya hango faɗin kafaɗar Muhsin ta gilashi, sai ƙafafunsa suka tashi ba da shawararsa ba. Ya bi motar da gudun da bayansa ya yarda, takalmi ɗaya ya fita ya bar shi, yana dukan iska da hannu. Direba bai gan shi ba. Mota ta kusa hawa kwalta.

“Mashkura!”

Ma'azu ya ce shi dai ya ji kamar an fasa wani abu. Ita kuwa ba ta waiwayo ba. Ba taurin kai ba ne wannan karon, ba ta san sunanta a cikin wannan muryar ba, ta ɗauka wata ake kira. Muhsin ne ya ji, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya buga rufin mota ya ce direba ya tsaya.

Haliru ya iso yana haki, ya dafa taga, ya leƙa ta kan Bunyaminu, wanda ya manne da kujera yana salati. Ya dubi 'yarsa a ido. Bai iya tsara maganar yadda ya saba ba, ta fito masa a gutsuttsure. Ya ce yana da aboki Basarke da ya fi mijinta iya ruwa. Ya ce iya ƙugu ya shiga, yana dariya, shi yana tsaye yana kallo. Ya ce shi ya kai wa uwarsa labari, kuma ba zai iya sake kai wa wata ba.

“Kak ki bari shi shiga. Ko ƙahwa. Ke ɗai shika ji.”

Ta dube shi, ba ta yi murmushi ba, ba ta yi kuka ba, ko da yake idanun sun kawo ruwa kuma da gani haushin hakan take ji.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Da shi ya kamata ka hwara,” ta ce. Sannan ta juya wajen mijinta, wanda ya buɗe baki zai yi magana, ta yi masa kallo ɗaya ya rufe. Ta sake juyowa. “Ba shi shiga. Na ji.”

Direba ya tambaya ko an gama, don rana na yi. Haliru ya saki taga. Motar ta hau kwalta ta miƙe hanyar iyaka, ba wanda ya ɗaga hannu a ciki sai Bunyaminu.

Ya dawo a hankali, ya tsinci takalminsa. Wani ɗan kamasho ya fara wata 'yar dariya, Haliru ya tsaya ya dube shi har dariyar ta koma tari. Ya zauna a bencinsa. Ma'azu ya haɗa shayi ya ajiye masa a gefe, ya koma yana goge teburin da ba abin da ya same shi. Shayin ya huce bai taɓa ba. Can da tasha ta koma hayaniyarta, sai ya yi magana, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya ɗago ba.

“Ma'azu. Tabon ga da ag ga girarta ta hagu, yaushe ta same shi?”

Ma'azu ya daina goge tebur. Ya so ya yi ƙarya, bai samu wadda za ta yi ba.

“Tun tana ƙarama, Malam Haliru. Kowa ya san ta da shi.”